Yadda Jabel Ya Ci Lambun Babanku

Da sunan Allah nake buɗe wannan kaye, littafin da nake rubutu a ciki, Shi ne Ya san abin da na faɗa da abin da na haɗiye. Ku 'ya'yana ku uku, na ji kun haɗa kai za ku kai ƙarar Gwaggonku Rabi wurin sarki a kan lambun babanku na bakin tafki. Ba ku gaya mini ba, amma Madarumfa ba garin ɓoye magana ba ne, a wurin markaɗe na ji. Kuna cewa ta tarar da ƙanenta a kwance, numfashi yana gagararsa, ta lallaɓe shi ya ba ta lambun. Duk shekarun da kuka yi kuna faɗin haka a tsakar gidan nan ina jin ku, ina tankaɗena, ban taɓa cewa e ko a'a ba. To yau zan ce. Ku yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ga yatsu sun fara ƙin riƙe bik, wato biro. Kada kowa ya je ko'ina sai ya karanta har ƙarshe.

Kun san ni da tsabta, har ta yi yawa. Abin da ba ku sani ba shi ne rabinta girman kai ne. A garin Sarkin Yamma na tashi, inda uwata take goge tukunya da toka da yashi har hannunta ya yi kaushi, ni kuwa tun ina yarinya na sa a raina in na yi nawa gidan ni da toka sai dai a murhu. Da yayanku, wanda ba na kama sunansa, ya fara tuƙin mota tsakanin Maradi da Katsina, sai ya gina mana dush mai karo, wato makewayi mai tayil irin na birni, fari tas, mai ƙofar ƙarfe. Kowace tafiya kuma sai ya zo mini da tsaraba: jabel mai faranta wanki, girezil na kashe warin makewayi, omo mai ƙamshin fure, sabulu kala-kala. Na jera su a kan katako kamar kayan ɗakin amarya. In gidana bai yi warin gidan likita ba, ban yarda ya wanku ba. Mata su shigo su ja hanci su ce kai, gidan Ta Yamma sai dai kallo, ni kuma kaina ya ƙara girma. Babanku shi ya sa mini sunan nan, Ta Yamma, har gari duka ya ɗauka.

Ranar jajiberin sallar layya ce, da hantsi. Karon dush ya yi ja saboda ruwan rijiyarmu, na goga na goga ya ƙi fita. Akwai wata kwalba da na sayo da kaina a kasuwar Ɗan Issa, ba rubutu a jikinta, mai sayarwa ya ce lasid ne, wato asid, yana cinye kowane irin datti. Na zuba, ya yi ta kumfa, amma bai ishe ni ba, ga baƙi za su zo gobe. Sai na yi lissafin miya: in daddawa tana da daɗi, kifi yana da daɗi, haɗa su ai sai ya fi. Na kawo jabel na tuttula a kai. Idona ya fara yaji, maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi, na ce yawwa, yanzu ne magani yake aiki. Na ja ƙofa na rufe don ya jiƙa, na tafi kai niƙa. Ban san babanku zai dawo daga lambu da wuri ba. Ya ɗauki bokitinsa ya shiga ya kulle. Kun san ƙirjinsa dama ba ƙarfi, tun shekarun da ya yi yana kamun kifi a cikin sanyin tafki. Da na dawo na tarar da shi a bakin ƙofa a durƙushe, kumfa a baki, yana jan iska ba ta shiga.

A amalanke aka kai shi gidan likita. Manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya sa masa abin shaƙa, ya yi masa allurai, har wajen la'asar kafin ƙirjin ya ɗan buɗe. Sai ya yafito ni da hannu, muka fita gindin dogon yaro.

"Inna, ki hwaɗa mini gaskiya. Rigar malam tana wari. Mi aka zuba cikin dush ɗin nan?"

Na gaya masa. Ya riƙe baki.

"Wanga abu biyu in sun haɗu, guba suke tashi. Da ya ƙara jimawa kaɗan a ciki, da yanzu wata magana muke yi."

"Zai tashi?"

"Zai tashi, in Allah Ya so. Amma ƙirjin ya ƙone. Duk wani wari mai ƙarhi zai iya toshe shi. Jabel, girezil, omo mai ƙamshi, turaren wuta, humra, maganin sauro, duk ki hidda su daga gidan."

"To da mi zan yi wanki, likita?"

"Da mi uwarki ta yi?"

Na roƙe shi don Allah don Annabi kada ya gaya wa kowa. Ya ce shi ba ya kai zancen marar lafiya kasuwa, amma ni da bakina in gaya wa maigidana. Na ce to. Na tsuguna a gindin itacen na rufe fuska da mayafi na yi kuka har na gode Allah. Ban lura tagar ɗakin da babanku yake kwance tana kallon wurin ba. Da na koma ciki ya daɗe yana dubana.

"Mi ya ce?"

"Ya ce za ka samu sauƙi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

A nan na fara ɓata, 'ya'yana, ba a wurin kwalba ba. Kafin mu dawo gida gari ya riga ya yanke hukunci: aljanu ne. Sabon makewayi, an ce, ba a yi masa addu'a ba, malam ya shiga da ƙafar da ba ita ba. Aka yi ta kawo rubutu da tofi. Ni da na san aljanin, ina zaune ina cewa amin. Na bar bayin Allah suka ɗauki laifina, Allah Ya yafe mini, su ma in suna ji su yafe. Sau nawa nake buɗe baki in gaya wa babanku ko da rabin maganar, in ce manjo ya hana ƙamshi. Amma na san shi, mutum ne mai bin zance har gindinsa. In na ce ƙamshi ne ke toshe ƙirjinsa, zai ce to wane wari ne ya kama ni a dush? Daga nan kuma sai ina? Sai na ja bakina na yi shiru, na kama aiki.

Kwalaben ma sai da suka ɗaure mini kai. Na kira Zinatu a waya, tana koyarwa a Maradi lokacin, na ce mata na gaji da kayan nan ne kawai, zan zubar a rariya. Ke Zinatu, kin tuna ihun da kika yi?

"A'a Inna, kar ki zuba! Rariyar nan ai tabki take gangarawa, kihi za su mutu."

"To in bisne?"

"Zai bi ƙasa shi shiga rijiya."

"In ƙona?"

"Hayaƙin ya hi komi muni."

"To in sha ke nan?"

Kika yi dariya kika ce in ajiye, yayanku zai zo ya kwashe. Kika yi ta murna, wai uwarki ta waye, wai yanzu duniya duk abin da ake magana ke nan, a koma wa toka da lemun tsami saboda muhalli. Kika ce dole mu gyara muhalli tun lokaci bai ƙure ba. Ni a sanina muhalli shi ne inda mutum yake kwana, kuma nawa a share yake. Ban gane ba, amma na riƙe kalmar gam, don na samu abin da zan riƙa ba mutane in sun tambaya.

Suka kuwa tambaya. Na kwashe humrata da turaren wutata na rabar wa amaren unguwa. Na koma wa tokar da na rantse na bari. Ranar farko na tankaɗe ta busasshiya a tsakar gida, ƙura ta tashi, babanku ya kama tari har na ce shi ke nan na ƙarasa shi. Daga nan na koyi jiƙa ta tukuna. Kwanon kifi sai lemun tsami da gishiri. Tukunyar mai sai kanwa a ruwan zafi. Karon dush da ya jawo komai, lemun tsami da soso suka fid da jan nan a hankali, abin da ya ba ni haushi har yau. Wanki kuwa sai sabulun salo, ba ƙamshi, ba shuɗi, fararen zannuwana suka dishe, masu kala suka koɗe. Ruwan toka ya tsattsaga mini hannu, in na ɗora lalle sai raɗaɗi, na bar lalle. Kwalli kuma ina amfaninsa ga mai kuka kullum. Biki da suna na daina zuwa, don in na je turaren mata yana bin tufafina har gida, ga shi ba na son in bar babanku shi kaɗai. Duk wadda ta ce Ta Yamma lafiya, sai in ce muhalli ne. Ta ce muhallin wa? In ce na kowa. Ta tafi tana waiwayena.

Ni kaina a ruɗe nake, ba na sanin daidai daga ba daidai ba. Wata tsohuwa ta tuna mini da ɓawon aduwa, yana kumfa, yana fid da datti. Na samo na daka. Babanku ya gani daga tabarmarsa ya ce da shi masunta na da suke bugar da kifi a kududdufi, har sarkin ruwa ya hana. To ashe na itace ma yana kisa? Da damina ta zo da gudawa, sai ga ma'aikatan gidan likita suna bi gida-gida suna cewa a ɗiga jabel a ruwan wanke salak da tumatir. Gidan likitan nan dai da ya ce in fid da shi! Na saci jiki na koma wurin manjo na ce ku tsaya wuri ɗaya mana, abin nan magani ne ko guba? Ya ce duka biyu, ɗigo kaɗan, shi kaɗai, a fili inda iska take, nesa da malam. Ya tambaye ni ko na gaya wa maigidan. Na ce ina nan ina shiri. Na dawo gida kaina ya fi da ɗaurewa.

Wata rana da walaha ina durƙushe ina goge kwanuka, babanku yana ƙarƙashin rumfa, jiki ya fara dawowa har yana zagaya gida da sanda. Ya kira ni.

"Ta Yamma, ina turarenki?"

"Na bayar."

"Lalle hwa?"

"Hannu ne ba ya so."

"Duk wanga don mi?"

Na lalubo maganar Zinatu na miƙa masa yadda na karɓe ta.

"An ce a gyara muhalli ne, Malam, tun lokaci bai ƙure ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Gaskiya ne. Allah Shi sa mu cika da imani." Na ce amin, ina mamakin me ya kawo cikawa da imani cikin zancen wanke-wanke.

Daga ranar babanku ya sake. Ya riƙa fita da sandarsa yana bin gidajen mutane, har waɗanda suka yi faɗan iyakar gona shekara da shekaru, yana neman gafara. Ya kwashe komarsa da tarunsa da ya ajiye tun da ya bar su, ya ba abokansa na bakin ruwa. Ya daina yi mini tsiyar da ya saba a kan gishirin miya. Rannan bayan azahar ya zaunar da ni ya ce, "Ta Yamma, zaman da muka yi, duk abin da na yi miki ki yahe mini. Ni na yahe miki." Ni na yafe miki? Ashe ya sani! Ashe manjo ya gaya masa! A wurinmu kuwa kun san lokacin da namiji yake zaunar da mace ya ce a yafi juna: in takardar saki na tafe. Na ce shi ke nan, da furfurata za a mai da ni Sarkin Yamma, a ce ga wadda ta kusa kashe mijinta. Sai na ƙara ladabi. Na daina haɗa ido da shi, na daina ɗaga murya, in na kawo tuwo in ajiye in ja baya. Shi yana ganin haka yana ƙara nisa, ni ina ganin nisansa ina ƙara lafewa. Gida ɗaya, mutum biyu, kowa yana tausaya wa ɗan'uwansa a kan abin da babu shi.

Cikin haka ne na ji ya kira liman da dattawa biyu ya ce ya ba Yaya Rabi lambun bakin tafki, kyauta, duniya da lahira. Ku sani, ita ta goya shi da uwarsu ta rasu, kuma a lokacin mijinta ya mutu ya bar ta da bakuna da yawa. Ba ta roƙa ba, ba ta ma san za a yi ba, aika mata aka yi. Ni da na ji, sai na ce a raina horo ne, yana hukunta 'ya'yana saboda ni. Na ji zafi ƙwarai, don na san lambun nan shi ne ƙashin bayan gidan nan, da tumatirinsa da tattasai da albasa aka yi muku komai. Amma mai laifi ina ta ga bakin magana? Na haɗiye, na ci gaba da goge tukwane.

Ana gab da girbin gero Gwaggonku ta shigo da rana tsaka, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta tarar da ni a gindin murhu, hannu duk toka, zane koɗaɗɗe. Babanku yana kan tabarma. Ta tsaya a kaina ta kama ƙugu.

"Ke Ta Yamma, takabar wa kike yi?"

"Takaba kuma, Yaya?"

"Ba turare, ba lalle, ba kwalli, ba sabulun ƙamshi, ba zuwa biki, kin ɗaura tsumma kin zamna gida wata da watanni. In ba takaba ba, mi sunanta? Gari duka shina magana. Ki bari ƙanena shi mutu tukuna mana!"

Na dubi hannuna, na dubi zanena. Wallahi tallahi sai a lokacin na gani. Duk abin da mace take bari in mijinta ya rasu, ni na bar shi ɗaya bayan ɗaya da miji a raye, ban taɓa haɗa su a kaina ba. Sai babanku ya yi magana, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Ƙyale ta, Yaya, ta hi mu sanin abin da ake ciki. Na ga lokacin da manjo ya kira ta waje, na ga kukan da ta yi. Ita aka hwaɗa ma, ta ɓoye mini don tausayi, har ta ce in gyara muhallina, wato makwancina na lahira. Na gyara iyakar iyawata." Ya juyo wurina. "Abu guda nake roƙo, Ta Yamma. Ki hwaɗa mini saura nawa ya ce. Ina so in san ko zan ga sabon gero."

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Na faɗi komai, daga kwalbar Ɗan Issa har gindin dogon yaro, ina faɗa ina shessheƙa. Na ce manjo cewa ya yi za ka tashi, ba aljani ba ne, ni ce. Na ce ni kuma na ɗauka sakina za ka yi. Gwaggonku ta nemi turmi ta zauna a kai, tana ta salati. Babanku ya dube ni, ya dubi yayarsa, sai dariya ta kama shi, ya yi ta yi har ta koma tari, muka yi kansa da ruwa. Da tarin ya lafa dariyar ba ta dawo ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙulli ya ajiye a gabana. Farin yadi ne, an yanka an ninke.

"Wata huɗu ina kwana da likkahwanina ƙarƙashin katihwa," ya ce. "Ba jabel ɗin ya yi mini zahi ba, Ta Yamma. Kuskure na kowa ne. Amma ki dube ni kullum ki yi shiru?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake ji. Gwaggonku ce ta fara dawowa cikin hankalinta.

"To tunda haka ne, lambu ka amshi abinka. Ni dama ban ji daɗin karɓa ba. Gobe in kira liman."

"In kin kira liman, Yaya, zai tambayi dalili. Dattawa su tambaya. Kahin magariba gari ya san abin da ta zuba cikin dush."

Babanku ya faɗi haka yana kallona. Na gane ni yake jira. Da na ce a kira liman, a faɗa, da yau lambun yana hannunku. 'Ya'yana, ban ce ba. Na rarrafa na kama ƙafar Gwaggonku na ce Yaya ki rufa mini asiri, ki riƙe lambun, kada 'ya'yana su ji, kada surukaina su ji. Ta daɗe tana kallon bisa. Ta ce, "Kin san abin da za a ce da ni?" Na ce na sani. Ta ce, "To tashi. Na riƙe."

Babanku ya yi kwana bakwai ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Rana ta takwas ya ɗanɗana miya ya ce gishiri ya yi yawa, na san an yafe mini. Ya ga sabon geron shekarar, ya ga na shekara goma sha ɗaya bayanta. Ko tokar ce ta riƙe ƙirjinsa, ko kwanansa ne dama suna gaba, ni ban sani ba, har yau in na zauna tunani sai kaina ya juya. Na dai san tarinsa ya ragu, kuma zogalen bakin rariya da ke bushewa kowace shekara ya yi ganye har muna kyauta. Ban koma wa kwalaben ba, hannuna ya saba da kanwa da lemun tsami. Ke Zinatu, na ji kina ba matan ƙungiyarku labari wai uwarki ce ta fara barin jabel a Madarumfa saboda muhalli. Ki daina. Ba wayewa ba ce, tsoro ne, ma'anar kalmar ma sai daga baya na gane ta.

Ku kuwa, da kuka zo gida kuka ji lambu ya tafi, kuka tambayi babanku, ya ce ya bayar ne kawai. Kuka tambaye ni, na ce maganar maza ce. Sai kuka ƙulla naku labarin, kuka ɗora wa Gwaggonku. Kowace shekara kwandon farko na tumatir gidan nan take aiko da shi, kuna cewa kunyar abin da ta yi ce take damunta. Kai babba, ka tuna shekarar da ka sa aka mayar mata da kwandon har ƙofar gida, a gaban mutane? Ina tsaye a bayan ƙyaure ina kallo. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Ranar rasuwar babanku kuka bar ta a zaure kamar baƙuwa, ita da ta goya shi.

Shekaranjiya, da na ji zancen ƙarar, na ɗauki mayafi na je wurinta. Idonta ya tafi, da murya ta gane ni. Na ce Yaya na zo in kwance ki, zan rubuta wa yaran komai.

"Kar ki rubuta, Ta Yamma. Bari su kai ni, ni na saba. Ke uwarsu ce, da wane ido za su dube ki?"

Na ce da wanda ya kamata su dube ni da shi tun tuni. Ta yi ta girgiza kai, sannan ta ce in gaya muku lambun in kuna so ku zo ku karɓa, ba sai an je gaban sarki ba, 'ya'yanta sun san ba nasu ba ne. Na tashi zan tafi, ta laluba ta riƙo bakin zanena. Na ɗauka wata maganar lambun ce ta tuna.

"Sanusi," ta ce, "autanku. An ce ya yi aure. Ya samu ƙaruwa? Tun da suka daina gaishe ni ban san jikokin ƙanena nawa ne ba."

Na buɗe baki in lissafa mata su, kuka ya hana ni. Na fito ban ba ta amsa ba. Ku kwashi yaran ku je ku ba ta amsar da kanku.